Laifin Ba Na Kwamfuta Ba Ne

Wanda ya jibga wa Skyrim, wasan da Bethesda ta fitar a 2011, ɗaruruwan mod yakan danna maɓalli, sai bayan daƙiƙoƙi wasan ya amsa. Nan take sai ya zargi kwamfutarsa. Alhali Papyrus, injin da ke zartar da umarnin waɗannan mod, milisakan 1.2 kacal aka ware masa a kowane firam. Idan umarni ya yi yawa, layi yake bi. Ƙara wannan adadi a Skyrim.ini ɓoye ciwo ne kawai. Magani sai da haƙuri: a buɗe sabon wasa, a kashe rabin mod, a gwada, a sake rabawa har mai laifin ya bayyana. Cire shi a tsakiyar tsohon wasa kuwa kan bar ragowar umarninsa cikin fayil ɗin ajiya, wahalar watanni ta salwanta.