DUNIYA MAKARANTA: Mutanen Tokelau da Wutar Rana

Masu karatu, a wannan wata za mu yi nisa ƙwarai. Idan akwai taswirar duniya a gidanku, ku sa yara su nemo Tekun Fasifik, sa'an nan su nemo Samowa a tsakiyarsa. Arewa da Samowa, tafiyar wajen kilomita 500, akwai waɗansu ɗigo uku waɗanda sau da yawa ba a ma sa su a taswira. Sunansu Atafu, da Nukunonu, da Fakaofo. Su ne ake haɗawa a ce Tokelau. Ƙasa ce ta mutum wajen 1,500, tana ƙarƙashin kulawar Niyu Zilan.

Ba su da filin jirgin sama, ba su kuma da tashar da babban jirgin ruwa zai tsaya. Jirgi yakan taso daga Afiya, babban birnin Samowa, ya yi fiye da yini guda a kan ruwa, ya tsaya daga nesa, sa'an nan a riƙa sauke kaya cikin ƙananan jirage. Haka shinkafa take zuwa, haka magani, haka kuma man dizal yake zuwa cikin durom-durom. Kafin 2012, kowane tsibiri yakan ƙone kamar lita 200 a janareta kullum, duk da haka wuta ba ta kai dare da rana. In teku ta yi fushi jirgi ya makara, sai a shiga tsimin mai. Ga kifi a firji, ga allurai a asibiti, kowa kuwa ya san abin da zafi yake yi musu.

To, a shekara ta 2012 suka yi abin da ya sa duniya ta ji sunansu. Da taimakon kuɗi daga Niyu Zilan, wajen dala miliyan 7 na kuɗin ƙasar, aka kafa farantan sola 4,032, da batura 1,344, da inbata 392, aka raba su a tsibiran nan uku. Ƙarfinsu duka ya kai wajen megawat 1. Da aka gama aikin a ƙarshen shekarar, kusan dukan wutar da suke bukata daga rana take fitowa. Aka ce su ne ƙasa ta fari da ta yi haka.

Yadda abin yake aiki ba wuya. Farantin yana mai da hasken rana wutar lantarki. Da rana gari yana shan wani kashi, saura yana shiga batura. Da dare baturan ne suke ciyar da gari. Ita inbata aikinta ta juya wutar batir ta zama irin wadda kwan fitila da firji suke sha. Janareta kuwa ba a jefar da shi ba, an bar shi domin kwanakin da hadari ya rufe sama.

Mutanen wani tsibiri mai suna Ta'u, a yankin Samowa da ke hannun Amurka, su ma suka bi sahu a 2016. Kamfanonin SolarCity da Tesla suka kafa musu faranti 5,328 da manyan batura 60, waɗanda za su iya riƙe garin kwana uku ko da rana ba ta fito ba. A tsakanin 2010 da 2020 kuɗin farantin sola ya faɗi da wajen kashi 90 cikin 100 a kasuwar duniya. Shi ya sa tsibiri, inda ake sayen mai da tsada ninki, ya riga manyan ƙasashe ganin ribar abin.

Amma ga inda nake so mu daɗe kaɗan, gama jaridu sun ba da labarin bikin buɗewa, ba su cika komawa su ga abin da ya biyo baya ba. Abu biyu suka faru a Tokelau. Na ɗaya, da mutane suka ga wuta ba ta ɗaukewa, sai suka ƙara sayen kayan wuta. Wa zai ga laifinsu? Mai kamun kifi da ya samu inda zai ajiye kamunsa ba zai ƙi sayen firiza ba. Sai bukata ta wuce abin da aka auna da fari. Na biyu, baturan suka fara tsufa. Faranti yakan yi shekara 25 yana aiki, amma batirin dalma da ruwan asid, ɗan'uwan wanda yake cikin mota, ba ya kai ko rabin haka. Zafi yana rage masa kwana, yawan zuƙe shi ƙaf kuma yana kashe shi da wuri. Ga iskar teku mai gishiri tana cin ƙarfe. Sannu a hankali janareta ya koma yin ƙara fiye da dā, durom ɗin mai kuma ya ƙaru a cikin jirgi.

A ganina wannan bai rage darajar abin da suka yi ba. Sai dai maganar da ake yi, wai wutar rana kyauta ce, rabin gaskiya ce. Hasken ne kyauta. Batir kuwa saye ake yi, a kuma sāke saye. Magidancin da ya sa sola a ɗakinsa a Jos ko Maraɗi lissafinsa ɗaya ne da na dattawan Tokelau, waɗanda majalisarsu ake kira Taupulega: kuɗin man da aka daina saye ba duka ne riba ba, wani kashi nasa na batirin da za a saya nan gaba ne. Bambancin kawai, su gishiri ne yake damun kayansu, mu kuwa ƙurar hunturu, wadda in ba a share ta daga faranti ba takan rage wutar sosai.

A 2020 gwamnatocin Tokelau da Niyu Zilan suka sanar da sabon aiki, watau a ƙara faranti a tsibiran uku, a kuma maye gurbin tsofaffin baturan da na litiyam, irin na cikin wayar hannu amma manya. Waɗannan sun fi jimrewa, ba a kuma ƙara musu ruwa. Shekara takwas ke nan kacal bayan aikin fari.