Bafaranshen da ya hana a sa hannu a aljihu

Tun bayan ƙaramar salla wasu samarinmu suka yi sabon malami. Kusan kullum sai an jefo maganarsa a zauren WhatsApp na unguwa. Sunansa La Rochefoucauld, wani basaraken Faransa da ya fitar da littafin gajerun zantuka a 1665. Karatun nasa bai wuce abu ɗaya ba: wai kyauta da tausayi, har abota, yawanci son kai ne ya sa babbar riga.

Da farko dariya muka yi. Sai ranar da aka zaga da faranti bayan la'asar don kuɗin asibitin wani mai shayi da danfo ta buge a ƙarƙashin gadar Obalende. Wani yaro ya ce ai masu bayarwa suna suke saye, ya mai da hannunsa aljihu, abokansa suka bi sahu. To, daga nan abin ya daina ba mu dariya.

Wane sabon abu Bafaranshen ya gano? Kakanninmu sun riga shi cewa don tuwon gobe ake wanke tukunya. Malamanmu kuma tun muna makarantar allo suke tsoratar da mu da riya. Amma ba mu taɓa jin malamin da ya ce tunda ana riya a daina sadaka ba. Cewa suke a gyara niyya, a kuma bayar.

Sannan a duba inda mutumin ya yi zamansa. Cikin fadawa ya rayu, ya shiga tawayen manyan ƙasar a kan fadar sarki, aka harbe shi a fuska a 1652, tawayen kuma ya watse. Wanda ya sha wannan, in ya ce kowa munafuki ne, ana yi masa uzuri. Ku fa, samari? Wa ya ci amanarku? A cikinku akwai wanda ya sauka Ikko da leda ɗaya, wani da bai san ubansa ba ya ba shi tabarma da kwanon tuwo, ya kai shi wurin aiki. Haka aka karɓe mu duka, a nan da Agege da Mile 12. Riba nawa mai tabarmar ya ci?

Ba mu musa ba, akwai alhazan da ba sa raba shinkafa sai mai kyamara ya iso, musamman in zaɓe ya matso. Mun san su, muna kuma faɗa a bayan idonsu. Amma shinkafar tana dahuwa a gidan marayu, hisabin niyya kuwa ba a hannunmu yake ba.

Mai shayin yana nan kwance, ba a yi masa aikin ƙafar ba. Farantin zai sake zagawa ranar Juma'a a ƙofar masallaci. Wanda ke tsoron a ce suna yake nema, ya dunƙule kuɗinsa ya jefa ba wanda ya gani.