Sharhi: Wayar Iyaye a Hannun Ƙananan Yara

Idan ba a manta ba, a shekarar 2001 ne wayar salula ta GSM ta fara aiki a Nijeriya. A wancan lokaci abin alfahari ne a ce mutum ɗaya a gari ya mallake ta, kuma a wasu ƙauyuka sai an hau tudu ake samun sabis. A yau kuwa waya ta shiga lungu da saƙo, har ta zama abin rarrashin yara. Uwa tana tuƙa tuwo, ɗan shekara biyu yana kuka, sai a miƙa masa waya ya yi shiru. Duk mun sha ganin haka a gidajenmu, kuma kaɗan ne daga cikinmu ke waiwayawa su duba abin da yake kallo.

Batun kare yara a intanet ya ɗauki hankalin gwamnatocin duniya. A watan Nuwamba na 2024 majalisar dokokin Ostareliya ta amince da dokar hana 'yan ƙasa da shekara 16 mallakar shafi a dandalin sada zumunta, dokar ta fara aiki a Disamban 2025. Amurka kuwa tun 1998 take da dokar da ta hana kamfanoni tattara bayanan yara 'yan ƙasa da shekara 13 ba da izinin iyaye ba, kuma da ita aka ci kamfanin Google, mai YouTube, tarar dala miliyan 170 a 2019. A nan gida, Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ta haramta hotunan batsa na yara, haka zalika Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta wajabta neman amincewar iyaye ko mai riƙo kafin a yi amfani da bayanan yaro.

Waɗannan dokoki suna da amfani, amma akasarinsu sun fi dacewa da yaron da ke da shafinsa na kansa. Namu ɗan shekara uku ba shi da shafi, bai ma iya karatu ba. Wayar mahaifinsa ko ta yayarsa yake riƙewa, ita kuwa manhajar da ke ciki ta ɗauka mai shekara arba'in ne ke kallo, don haka abin da ta saba nuna wa babba shi za ta nuna masa. YouTube da TikTok an tsara su ne yadda bidiyo zai bi bayan bidiyo, yaro na shafa fuskar waya da yatsa wani ya fito. Yana iya farawa da waƙar koyon baƙaƙe, bayan minti goma ya tsinci kansa a inda ko babba zai kau da kai. Kasancewar abu zane ne na katun ma ba hujja ba ce. A 2017 an bankaɗo ɗimbin bidiyoyi a YouTube da aka yi da siffofin katun da yara suka sani, amma cike da duka, jini da rashin kunya, wasu har sun kutsa cikin YouTube Kids da aka buɗe a 2015 musamman domin yara.

Wani zai ce mu a ƙauye ina muka ga kuɗin data, balle wannan ya shafe mu. To, a nan gizo ke saƙar. Abin da aka sauke daga intanet a birni yana iso mu ta hannun masu turi a kasuwa da shagunan caji, a cika memori da fina-finai da waƙoƙi a kan kuɗi kaɗan, sau da yawa mai wayar bai san rabin abin da aka zuba masa ba. Daga nan samari su riƙa tura wa juna ta Xender ko Bluetooth. Sai kuma zaurukan WhatsApp, inda ake yaɗa hotunan haɗarin mota da gawarwakin waɗanda aka kashe a hare-hare. Idan ba a sauya saiti ba, hotuna kan sauka da kansu su zauna wuri ɗaya da na bikin suna. Babu dokar wata ƙasa da za ta shiga tsakanin yaro da wannan.

Ko da abin da ake kallo mai tsabta ne, akwai maganar lokaci. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba gaban allon waya ko talabijin, 'yan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada su wuce awa ɗaya a yini, in ya gaza haka ya fi. A wannan shekaru yaro yana koyon magana ne daga bakin mutane, yana kuma buƙatar guje-guje da isasshen barci. Tatsuniyar kaka da wasan ƙasa a tsakar gida suna yi masa aikin da waya ba za ta yi ba.

Abin da ya kamata iyaye su yi ba ya buƙatar ilimin boko mai zurfi. A sa wa waya lambar sirri, kada kuma a koya wa yaro. In za a ba shi, a fara kashe data, a buɗe masa abin da babba ya riga ya kalla da idonsa, ya zauna inda ake jin sautin. Wayoyin Android suna da saitin kafe manhaja ɗaya yadda yaro ba zai fita zuwa wata ba, kuma duk mai gyaran waya zai iya nuna shi, tare da hana WhatsApp sauke hotuna da kansa. Wannan yana kare har kuɗin da ke manhajar banki. Idan kuwa yaro ya zo a firgice ko ya maimaita wata mummunar kalma, a tambaye shi cikin lalama inda ya gani. In aka dake shi, gobe ɓoyewa zai yi.

Mu manya ma muna da namu laifin. Mukan ɗora hoton yaro da kayan makaranta, da sunansa da na unguwa, wani lokaci har yana wanka tsirara, don dangi su yi dariya. Hoton da ya fita ba ya dawowa, kuma a wannan hali na satar mutane bai dace a sanar da baƙo makarantar da ƙaramin yaro ke zuwa ba.

Hausawa na cewa ɗa na kowa ne, don haka aikin bai tsaya kan uwa kaɗai ba. Ma'aikatan lafiya a ranakun awo da rigakafi za su iya ƙara tambaya ɗaya a kan ta shayarwa da gidan sauro: awa nawa yaron nan ke yi da waya? Malaman firamare da na Islamiyya su kawo batun a taron iyaye, limamai su taɓo shi a huɗuba. Hakimai, dagatai da masu unguwanni kuwa sun san masu turi na yankunansu da sunayensu, kuma sana'a ce da matasa ke cin abinci da ita, ba a ce a rufe ta ba. A kira su a zauna, a amince cewa ba za su tura wa yaron da aka aiko da memori komai ba sai abin da babba ya ambata, su kuma ware kayan yara daban, yadda mahaifin da ya zo ranar kasuwa zai ce a zuba masa na yara zalla.