Kusurwar Karatu: Sawun da mai kisa ya bari da gangan

 Yau za mu leƙa irin labaran nan da 'yan sandan ciki ke farautar mai kisan ɗauki ɗai-ɗai, wato mutumin da ke kashe mutane ɗaya bayan ɗaya, ya ɓace, ya sake dawowa. Da yawanku kun fi sanin su a fim. Ni dai littafi ne ya fara hana ni barci, kuma shi na kawo muku.

Sunansa The A.B.C. Murders. Agatha Christie, marubuciya 'yar Ingila, ta fitar da shi a 1936. Jarumin littafin shi ne Hercule Poirot, tsohon ɗan sanda daga Beljiyam da ke zaune a Landan yana binciken laifuka. Wata rana sai ga wasiƙa ta iso masa, mai ita ya sa hannu da haruffa uku, A.B.C., yana faɗa masa gari da ranar da wani abu zai faru. Ranar na zuwa aka tsinci gawar wata tsohuwa mai shagon taba, Alice Ascher, a garin Andover. Sai wasiƙa ta biyu, aka kashe wata budurwa, Betty Barnard, a Bexhill. Ta uku kuma wani attajiri ne, Carmichael Clarke, a Churston. Kun lura? A, B, C, sunan mutum da sunan gari. Kusa da kowace gawa kuma ana samun littafin jadawalin jiragen ƙasa da ake kira ABC.

Nan da nan 'yan sanda da jaridu suka yanke cewa mahaukaci ne ke bin haruffa. Ga kuma wanda zargi ya hau kansa: wani bawan Allah mai tallar safar mata gida-gida, mai fama da farfaɗiya, sunansa Alexander Bonaparte Cust. Haruffan sunansa A.B.C. ne, kuma ya je garuruwan da aka yi kisan. Biri ya yi kama da mutum. Har shi kansa, da yake yakan manta abin da ya faru idan ciwonsa ya tashi, ya fara yarda cewa shi ne.

Poirot bai yarda ba. Kowa na tambayar wane ne na gaba, shi kuwa yana tambayar me ya sa mai kisan yake rubuto wasiƙa, kuma wa zai amfana da mutuwar waɗannan mutane. A ƙarshe ya gano mutum ɗaya tak ake son kashewa saboda dukiya. Sauran an kashe su ne don a ɓoye wannan kisan a cikinsu, haruffan kuma tarko ne. Sunan mai laifin ba zan faɗa ba, ku nemo littafin.

Kada ku ce wannan tatsuniya ce kawai. Tsakanin 1975 da 1980, wani direban babbar mota mai suna Peter Sutcliffe ya kashe mata 13 a arewacin Ingila. Ana cikin nemansa, a 1979, sai aka aiko wa babban jami'in da ke jagorantar binciken, George Oldfield, kaset ɗauke da muryar wani yana yi masa ba'a yana cewa shi ne mai kisan. Karin harshen mai muryar na yankin Sunderland ne. Sai 'yan sanda suka riƙa sallamar waɗanda maganarsu ba ta yi kama da wannan ba. Sau tara aka yi wa Sutcliffe tambayoyi a tsawon binciken, ana barinsa ya tafi. Bayan kaset ɗin ya kashe ƙarin mata uku. Sai a Janairun 1981 aka kama shi a Sheffield, shi ma saboda lambar bogi da ke jikin motarsa. Mai kaset ɗin kuwa, John Humble, maƙaryaci ne kawai. An gano shi a 2005 ta gwajin DNA daga ambulan ɗin wata wasiƙa da ya aika, aka ɗaure shi shekara takwas.

Kun ga abin da ya haɗa labaran biyu. Ƙwararrun masu bincike sun bi sawun da aka ajiye musu da gangan, domin ya fi sauƙin bi, kuma rayuka suka salwanta.

Wannan darasi ya shafe mu. Waya ta ɓace a ɗakin kwana, sai kowa ya juya ga yaron da bai cika magana ba, ko wanda aka taɓa kamawa bara. Saƙon murya ya yaɗu a WhatsApp, ba a san mai shi ba, amma an tura wa mutum hamsin. A kasuwa wani ya yi ihun "ɓarawo", kafin a tambayi me ya sata an rufe mutum da duka. Cust ɗin littafi ya samu Poirot ya cece shi. Na cikin ajinku mai yiwuwa ku kaɗai gare shi.

Ga aikin wannan mako. Idan kun samu labarin bincike, littafi ne ko fim, ku raba takarda gida biyu. A gefe ɗaya ku rubuta abin da aka gani da ido ko aka tabbatar, a ɗaya gefen abin da wani ya faɗa kawai. Kafin babi na ƙarshe ku rufe littafin, ku rubuta sunan wanda kuke zargi da hujja biyu daga gefen farko. Za ku yi mamakin yadda gefen "an ce" ke saurin cika. Wannan dabara za ta taimake ku a jarrabawar fahimtar rubutu, za kuma ta hana ku ɗora wa wani laifin da bai ji ba bai gani ba.

Ku rubuto mana ko kun kama mai laifin kafin Poirot. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.