Layin da Aka Goge Ma Yana da Tarihi

A shekarar 2006, wani mai kula da manhajar OpenSSL a tsarin Debian ya cire layi biyu daga rubutunta, saboda manhajar bincike ta Valgrind tana ƙorafi a kansu. Ashe ɗaya daga cikin layukan shi ne ke hana a iya hasashen makullan sirri. Sai a watan Mayun 2008 Luciano Bello ya gano ɓarnar: makullan da ya kamata su gagari ƙirge sun koma ba su wuce 32,768 ba a kowane nau'i. Sanin ranar da gyaran ya shiga ya zama dole, domin duk makullin da aka ƙera tun daga ranar sai an sauya shi. Tarihin gyare-gyare ne ya ba da amsa.

Wannan ya isa hujja cewa iya bincike a tarihin manhaja wajibi ne ga mai rubuta ta. Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙiro a 2005, yana adana kowane gyara da sunan mai shi da kwanan wata da dalilin da ya rubuta. Sai dai binciken da aka saba yi yana duba rubutun yau ne kawai, layin da aka goge bara ba ya fitowa. Shi ya sa Git ke da bincike na musamman da ke zaƙulo gyaran da ya shigar da wata kalma ko ya cire ta.

Wasu ƙwararru suna raina manhajoji masu zane irin su gitk, wadda Paul Mackerras ya rubuta, suna ganin gwani umarni yake bugawa da hannu. Suna da gaskiya ta fuska ɗaya: umarni ya fi sauri, kuma yana aiki a kan kwamfutar da ke nesa. Amma tarihin Git rassa ne da ke rabuwa suna haɗewa, kuma a nan gani ya kori ji. A gitk mutum zai rubuta kalma, gyare-gyaren da suka taɓa ta su fito a kan zanen rassan, ya danna ɗaya ya ga abin da aka ƙara da abin da aka cire, har ya bi layi zuwa asalinsa. Binciken da ya yi sauƙi haka, shi ne ake yi kafin a goge abu.

Sai dai manhaja ba ta nuna abin da ba a rubuta ba. Wanda ya ajiye gyara da bayanin "an gyara" kawai ya bar wa na bayansa suna da kwanan wata, ya tafi da dalili. Kamfanin da ke son tarihinsa ya yi amfani ranar da matsala ta taso, sai ya hana karɓar gyaran da bai faɗi dalilinsa ba.