Gwajin Sikila Ya Kamata Ya Riga Lefe

A Nuwamban 2023 Birtaniya ta amince da Casgevy, maganin sikila na farko da ake yi ta hanyar gyara ƙwayoyin gado da fasahar CRISPR, Amurka ta biyo baya a Disamba. Likitoci kan ɗebo ƙwayoyin da ke samar da jini daga jikin majinyaci, su gyara su, su mayar masa, sai jiki ya koma yin irin jinin da ɗan tayi ke da shi, wanda ba ya lanƙwashewa kamar lauje. Abin murna ne ƙwarai. Sai dai kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne kan mutum guda, mu kuwa a Najeriya ana ƙiyasta jarirai kimanin 150,000 ake haifa da cutar duk shekara, fiye da kowace ƙasa a duniya.

Abin da ke hannunmu shi ne gwaji. A 2024 Kano ta yi dokar da ta wajabta shi kafin aure, kuma na yaba. Damuwata lokacin da ake yinsa ne. An kai lefe, an sa rana, an raba kati, saura mako guda sannan a tafi asibiti. Takarda ta fito AS da AS, wato dukansu biyu na ɗauke da gadon sikila. Wa zai fasa a wannan gaɓar? Sai ka ji ana cewa ai Allah ke tsarewa, alhali Shi ne Ya hore mana sanin da za mu kauce.

Wasu kuma sun ji an ce yiwuwar AS da AS su haifi SS, wato mai sikila, ɗaya cikin huɗu ce, sun ɗauka idan ɗan fari ya zo da SS sauran ukun sun tsira. Ba haka ba ne. Kowane ciki lissafinsa sabo ne, ana iya jera uku duk masu sikila. Kuma yaro ba ya zama SS sai ya gado daga uwa da uba duka biyu. Duk da haka uwar ce ke shan gori wurin dangin miji, ita ce kuma ke kwana zaune cikin hunturu tana matsa wa yaro ƙafafu yana kukan ciwon ƙashi, idanunsa sun yi ɗorawa, gari na wayewa a shiga neman mai ba da jini.

Ina roƙon gwamnatocin jihohinmu su kai gwajin makarantun sakandare da Islamiyyu kyauta, kowane yaro ya san nau'in jininsa tun bai fara zance ba. Iyaye kuma, musamman masu shirin auren zumunci, su nemi takardar tun ranar da aka zo neman izini.