Magana Bisa Doguwar Tafiya da Keke

Tun zaɓen 2015 samari suka tsiri tafiya Abuja, wasu da ƙafa, wasu bisa keke, masu hali na ɗaukar nauyinsu. To, saurayin Tungar Guru da ke hawa keke zuwa gona da kasuwa, shi komo gida kafin magariba, shina iya wanga aiki? Bai iyawa sai da horo. Tafiyar yini guda daban take da ta kwana goma a jere: cinya kan ƙage, mazaunai su sale, zafin bazara shi tsotse ruwan jiki. Ga kuma 'yan bindiga bisa hanyar Anka zuwa Gusau. Hajji ma, da shike rukuni ne, malaman Malikiyya sun sharɗanta mashi iko da aminci bisa rai da dukiya, balle tafiyar neman suna. Wanda ya nace, shi yi watanni shina ƙara nisa kaɗan-kaɗan, likita shi duba shi, mota ta bi bayanshi da ruwa. Attajirin da ya tura ɗan mutane babu wanga shiri, alhaki na wuyanshi. Allah shi kiyaye, amin.